Masu Sallama a Ƙofar Mara Lafiya

Asibiti baƙo ne a ƙasar Hausa. Babban asibitin cikin birnin Kano, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, a shekarun 1920 aka kafa shi. Na ƙashi da ke Dala a 1959. Na koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa sai a 1988. Akwai dattawan da suka girmi biyu daga cikin ukun nan, suna nan da ransu. Kafin zuwan waɗannan gine-gine, da ma bayan zuwansu, a ɗaki ake haihuwa, a ɗaki ake kwanciya ciwo, a ɗaki ake cikawa. Ko a binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018, cikin haihuwa 100 a Arewa maso Yamma, 16 kacal aka yi a asibiti. Shi ya sa in na ji ana tallar kula da mara lafiya a gida kamar wani sabon abu da aka sauko da shi daga jirgi, dariya take ba ni. Jinya ba ta taɓa barin gida ba. Gidan ne ya canja, ciwon ma ya canja, haka kuma masu yin sallama a ƙofa su ce sun zo taimako.

A gidan gandu irin wanda yawancinmu muka buɗe ido muka gani, ciwon mutum ɗaya aikin mutum goma ne. Maigida ya kwanta, uwargida da amarya suna karɓa-karɓa yadda suka saba yi da girki. Ƙanwarsa da ta fito daga gidan miji tana nan a ɗakin da ke kusa da na tsohuwa. Matan 'ya'yansa, wannan ta dama kunu, waccan ta wanke tsummokara, yara su riƙe mafici, samari su cicciɓe shi zuwa makewayi su dawo da shi. Da dare kuwa ba a rasa wata gyatuma wadda dama barcinta ba ya nauyi, ita za ta ji tarinsa ta tashi. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan, kuma ba a rasa habaici a ciki, domin facaloli ba sa mantawa da lissafin wadda ta fi wata wahala. Amma dai babu macen da za ta yi mako guda cur ba ta runtsa ba. Ga kuma 'yan dubiya, da kwanon fura ko ƙullin goro, kowa da maganin da ya ji an ce ya yi wa wane aiki. "Sannu, Malam. Yaya ƙarfin jikin?" Shi kuma ko da ƙyar yake jan numfashi, amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Masu sana'ar magani su ma gida suke zuwa. Wanzami ya rataya zabirarsa ya zo ya yi ƙaho ko sakiya. Maɗori ya ɗaure karaya da karare, ya riƙa leƙowa har ƙashi ya kama. Malam ya aiko almajiri da rubutu, in ciwo ya tsananta ya tako da kansa ya yi tofi. Ungozoma sau da yawa sai mace ta sauka ake kiranta, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, sannan ta yi ta zarya har suna. Ladansu damin hatsi ne da kaka, da kaso a naman suna. Abu biyu ne suka riƙe wannan tsari, kuma su nake ganin mun yi asara: mutanen nan sun san gidan ciki da bai, sannan suna dawowa. Wanzamin da ya yi maka kaciya, ubansa ne ya yi wa ubanka. In ya yi ɓarna ba shi da wurin gudu, gobe da asuba a sahu ɗaya za ku tsaya.

Kada dai daɗin tuna baya ya ɗebe mu. A cikin wannan kulawa an yi ta'adi mai yawa da kyakkyawar niyya. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da al'adun jego: wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Iyayenmu mata ne suke yi, don ƙauna, don kada sanyi ya kama maijego. Haka cire beli ga jariri ɗan kwanaki, haka yankan gishiri da ya jefa mata da dama cikin yoyon fitsari, haka tsohuwar aska a kan cibi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: jinyar da gajera ce. Ƙyanda, sanƙarau, ciwon huhu, amai da gudawa, duk ba sa jan lokaci. Cikin mako biyu ko uku, ko mutum ya miƙe ko a kai shi makwancinsa. Akwai tsofaffin da suka daɗe a kwance, amma ba su ne akasari ba. Hannuwa da yawa, kwanaki kaɗan.

Hukuma da ta tashi leƙo cikin gida, da tara ta fara. Duba-gari, waɗanda aka buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932, ba mara lafiya suke zuwa dubawa ba. Randa suke buɗewa su nemi tsutsar sauro, su leƙa masai da kwata, in sun ga ƙazanta maigida ya amsa kira. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda unguwa take rikicewa in an ce ga su nan. Gari ya yi tsafta, ba musu, sai dai mutane sun riƙe cewa ma'aikacin lafiya na gwamnati in ya yi sallama a gidanka, laifi ya zo nema. Wanda aka yi maraba da shi wani ne daban: mai allura. Sau da yawa tsohon ma'aikacin ɗakin maganin En'e ne, ko wanda ya taɓa shara a wurin ya ga yadda ake yi. Ya zo da kekensa da ɗan akwatinsa, ya tafasa sirinjin gilashi a tukunya, ya soka wa yaro fenisilin. Ciwon da jiƙo ya yi wata bai taɓa ba, allura uku ta kwantar da shi. Daga nan Bahaushe ya ba allura amanar da har yau bai karɓe ba.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince a kai kiwon lafiya inda mutane suke zaune. A Nijeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki abin da gaske. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, aka bi gidaje ana rubuta musu lamba, aka horar da 'yan sa-kai na ƙauye da ungozomomi, a 1992 kuma aka kafa hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa. Ma'aikatan lafiyar al'umma da makarantun fasahar lafiya suke yayewa, a takarda an tsara su shafe kaso mai tsoka na lokacinsu suna zaga gidaje: su auna yara, su duba masu ciki, su bi sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani. Amma ƙaramin asibitin ƙauye ba likita, ba nas, sai shi wannan ma'aikaci. Shi ne mai yankar kati, shi ne mai ba da magani, shi ne mai karɓar haihuwa da tsakar dare. In ya kulle ƙofa ya tafi zagaye, wa mai naƙuda za ta tarar? Ga ba babur, in akwai babur ba mai. A hankali asibitin sha-ka-tafi ya haɗiye mutumin da aka horar don ya fita, mutanen gari suka sa masa suna likita, shi ma ya ji daɗin sunan ya gyara zama a kujera.

Shan inna ce ta dawo da ma'aikatan lafiya ƙofar gida da ƙarfi. Duk wanda ya zauna a Arewa daga ƙarshen shekarun 1990 ya san 'yan foliyo: mata da hijabi da akwatin ƙanƙara, alli a bango, tawada a ɗan yatsan yaro. Ya kuma san turjiyar da suka sha. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin an gurɓata maganin, ba a koma ba sai a Yulin 2004, ga kuma mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An yi ta rubutu a kan jahilci da jita-jita, amma tambayar da magidanta suka riƙa yi a zaure ba ta jahilci ba ce. Na sha jin irinta: "Malama, ɗana yana ciki kwance da zazzaɓi, na kai shi asibiti an ce in sayo Panadol da kuɗina. Wannan da ba mu roƙa ba, shi kuke biyo mu da shi har gida kyauta, wata bayan wata?" Ita ba ta da amsa, ba ita ta tsara ba.

Da aka ga ƙarfi ba zai yi ba, aka sauya salo. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka kafa kwamitinsu na lafiya, masu unguwanni suka shiga gaba. Daga 2012 UNICEF ta fara ɗaukar matan unguwa, kowace a ba ta gidajen da za ta riƙa shiga: ta san mai ciki, ta san wadda ta haihu jiya, ranar suna tana wurin. Aka riƙa haɗa ɗigon rigakafin da magungunan ƙananan cututtuka kyauta. Rabon Nijeriya da asalin ƙwayar cutar tun 2016 a Borno, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake har yanzu ana fama da wani nau'in da ya rikiɗe. An kashe maƙudan kuɗi, an rasa rayuka, kafin a koma ga abin da wanzami da ungozoma suke da shi tun asali, wato a san ka, kuma ka dawo.

Kan wannan turba aka ɗora rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59: mai rabo ta ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na kwana biyu. A Nijar an ma fi yin nisa. Lokacin yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 masu tamowa magani, akasari a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu ba a kwantar da su ba. A auna yaro, a ba uwa ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara, ta koma gida wurin sauran 'ya'yanta da gonarta, ta dawo da shi mako mai zuwa. Bayan 'yan shekaru, a Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka danƙa wa iyaye mata ɗan ma'aunin dantse mai ja da rawaya da kore, aka tarar matan da ba su taɓa shiga aji ba suna gano tamowa ba ƙasa da ma'aikatan da aka horar ba. Wannan ya fi burge ni a kan duk wani ginin da aka yanke wa kirtani, don ya nuna matar da ke tsakar gida za ta iya, in an koya mata an kuma ba ta kayan aiki.

To, duk wannan na yara ne da masu ciki. Leƙa ɗakin da ke can ƙuryar gida, inda Alhaji yake kwance shekara ta uku ke nan tun da hawan jini ya kayar da shi a hanyar masallaci. Babu shirin da ya san da zamansa. Cututtukan da suke kwantar da manya yanzu masu dogon zango ne: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, sankara, gigin tsufa. Asibiti ya iya tsallakar da mutum makon farko, abin da a da ba a iyawa, kuma abin godiya ne. Amma gado ya yi kaɗan, kuɗin iyali ya ƙare, sai a ce, "Hajiya, za mu sallame ku. Ku je gida ku ci gaba da kula da shi, ku dawo bayan wata ɗaya." A miƙa musu takardar magani. Su fito da mutum da robar fitsari a jiki, wani lokaci da robar abinci a hanci, ɓarin jiki ba ya motsi, harshe ya karye. A ranar jinya ta fara, kuma tana iya kai shekara biyar.

Gidan da za a mai da shi kuwa ba wancan ba ne. An raba gado, an sayar da gidan gandu ko an yanka shi huɗu. 'Ya'ya maza suna Abuja da Legas da Fatakwal, ko suna nan cikin gari amma kowa a gidan haya ciki da falo a wata unguwa mai nisa. Matansu suna aiki, ko kuma dai sun ce ba jinyar suruki aka kawo su ba, kuma a shari'a ba za ka ce sun yi ƙarya ba. 'Ya'ya mata suna gidajen mazajensu, sai an ba su izini. An buɗe wa jinyar zaure a WhatsApp, ana turo kuɗi da addu'a da "ya jikin Baba?" Aikin mutum goma ya dawo kan mace ɗaya: matarsa, wadda ita ma ta haura sittin tana fama da gwiwa da nata hawan jinin, ko 'yar autar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta, ko bazawarar gidan, wadda kowa ya ɗauka ba ta da abin yi.

Aikin kuma ya fi na da wuya, don yana bukatar sanin da ba a gada wurin kaka. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, sai an juya shi kamar kowace awa biyu, dare da rana. In ba haka ba fatar ƙugu da ta dunduniya ta mutu, gyambo ya buɗe, ya ci har ƙashi. Wanda shanyewar jiki ta taɓa wa maƙogwaro, in aka ɗura masa kunu yana kwance, sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi. Robar fitsari in ta wuce lokacinta ciwo take kawowa. Hannu da ƙafar da suka shanye, watannin farko ne gashi ya fi yi musu amfani, in an bar su sai gaɓoɓi su ƙage. Mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, ranar da ya ƙi cin abinci aka yi masa kamar kullum, suga na iya faɗuwa ya suma, 'yan gida su shiga neman mai ruƙiyya. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake bukatar wata babbar na'ura. Bayani ne na rabin awa, da wanda zai nuna da hannu, ya kuma dawo wani makon ya ga ko an yi daidai. Amma mai jinya takan koye su ne bayan ɓarna ta auku, sannan 'yan dubiya su zo su hango gyambo, su fita suna ƙus-ƙus cewa ba a kula da bawan Allah.

Inda hukuma ba ta zo ba, kasuwa ta zo. Kusan kowace unguwa yanzu tana da nas ɗinta, lambarta tana wayar kowace uwargida. Wasunsu ma'aikatan jinya ne na gaske masu lasisi, da suke biyowa bayan sun tashi daga aiki don albashi ba ya kai ƙarshen wata. Na san irinsu da suka warkar da gyambon da aka fid da rai, suka koya wa 'yan gida wankin ciwo da canja shimfiɗa. Allah ya saka musu. Wasu ɗalibai ne da ba su gama ba. Wasu yaran kemis ne, alhali lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura ba, balle ƙarin ruwa. Iyali ba su da hanyar bambancewa, kowa farar riga da safar hannu. Abin da aka fi nema wurinsu kuma shi ne abin da ido yake gani: a buga ƙusa a bango a rataya ledar ruwa, a zuba mata allurar da za ta mai da ita rawaya, hankalin kowa ya kwanta an yi wani abu. Jikan mai allura ke nan, ya sami babur da waya. Ruwan nan kuwa, ga wanda zuciyarsa ko ƙodarsa ta raunana, yana iya taruwa a huhu ya shaƙe shi. Allurar kashe raɗaɗi irin dikulofenak a kai a kai tana cin ƙoda. Fentazosin ta kama masu sikila da yawa har sun kasa rabuwa da ita. Ba na ɗora laifin duka a kan masu yi. Wanda ya zo ya juya mara lafiya, ya duba bayansa, ya auna jini, ya ce a ci gaba da ƙwayoyin da likita ya rubuta, ya ɗauki jakarsa ya tafi, cewa za a yi bai yi komai ba, kuma ba za a sake kiransa ba.

A manyan birane an fara samun kamfanoni masu rajista da suke tura nas ko mai kula da tsoho ko likitan gashi har gida. Masu hali kaɗai suke iyawa, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Ko masu halin ma kunya tana riƙe su. A ce ɗan wane ya ɗauko bare yana biyansa ya wanke ubansa? Ina ladan, ina albarkar? Akwai gaskiya a nan. Na ga magidantan da suke barin ofis su zo su yi wa mahaifinsu wanka da hannunsu, ba su yarda kowa ya ga tsiraicinsa ba. Amma sau da yawa kunyar ta fatar baki ce. Gidan da ya ƙi ɗaukar ƙwararre don gudun abin faɗa, shi zai aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara 13 aikatau, ita za ta kwashe fo ta wanke zannuwa, ba safar hannu, ba horo, ba kuma wanda zai kira abin da take yi jinya.

Hannuwan da muke nema a nan, wasunsu suna can suna wannan aikin a wata ƙasa. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi da masu nakasa, dubban 'yan Nijeriya suka tafi, har da masu digiri, kafin a hana tafiya da iyali a Maris ɗin 2024, a kuma rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025. A can suna shiga gida-gida bisa jadawali, su yi wa tsoho wanka, su ba shi magani, su rubuta abin da suka gani, akwai hukumar da take bin sawu. Aiki ne mai wahala, albashinsa na ƙasa-ƙasa, wasu ma dillalai sun cuce su. Duk da haka wanda ya yi shi a Manchesta cewa ake ya tafi nema. Da a Kano ya yi shi, da an ce ya zama yaron gida.

Watan Afrilun 2020 ya tona asirin wannan giɓi a Kano. Asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rufe don tsoron korona, tsofaffi masu hawan jini da suga suka rasa inda za su, masu haƙar kabari suka fara cewa aiki ya yi musu yawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu cikin 'yan makonni, fiye da rabinsu a gida. Garin da ake da taswirar kowane lungu da adadin yaran kowane gida saboda foliyo, ba wanda yake riƙe da jerin tsofaffin da ke kwance.

Ba a ce ba a yi komai ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, a Fabrairun 2018 kuma aka ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa, don haɗa 'yan sa-kan unguwanni a inuwa ɗaya su riƙa ziyarar gidaje. Sai dai idon ziyarar har yanzu yana kan uwa da yaro, don a can masu ba da tallafi suke ƙirga sakamako, kuma mace-macen mata da yara a Arewa sun isa su cinye hankalin kowa. Ban ce a rage musu ko kwabo ba. Cewa nake, matar da ta riga ta shigo gidan, ta san sunan kowa, an shimfiɗa mata tabarma, me zai hana a ƙara mata horo da na'urar awon jini, a ce ta leƙa ɗakin Alhaji? Ta duba bayansa, ta ga ko ƙwayoyi sun ƙare, ta nuna yadda ake zaunar da shi kafin a ba shi kunu, ta kira ma'aikacin asibitin unguwa in ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Ta kuma ɗaura abin awon a dantsen Hajiya ita ma, domin an sha binne mai jinya kafin wanda take jinya. In kuwa za a ɗora mata wannan, sai a daina kiranta 'yar sa-kai ana sallamarta da ɗan alawus ɗin da ba ya zuwa a kan kari. A sa ta a albashi, kuma jiha da ƙaramar hukuma su biya, ba baƙin da za su naɗe tabarmarsu ranar da shirinsu ya ƙare ba.